Babi na Biyu da Ambaliyar Haɗejiya: A Koya wa Ɗalibanmu Bita Mai Tsari

Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri na biyu ko na uku a jami'o'inmu ya san yadda babi na biyu yake tafiya. Wane ya yi nazari a kan kaza, aikinsa yana da alaƙa da wannan ta fuskar kaza, sun kuma bambanta ta fuskar kaza. Haka za a yi ta jero sunaye shafi bayan shafi, har a iso ga hujjar ci gaba da bincike, inda ɗalibi zai ce bai ci karo da wani aiki irin nasa ba. A wani zaman kare kundi na taɓa tambayar wani ɗalibi inda ya nema da har bai ci karo ba. Ya yi shiru, sannan ya ambaci ɗakin karatun sashensu da kundayen abokan karatunsa. Ban ga laifinsa ba, domin abin da muka koya masa ke nan.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da za a shigar da koyon bita mai tsari cikin karatun gaba da digiri na farko, musamman ga masu nazarin halayyar ɗan'adam a ƙasar Hausa, kuma masana Hausa suna da rabo babba a wannan aiki. Zan kafa hujja da Haɗejiya, domin a can ne za a ga cewa raunin babi na biyu yana iya fita daga ɗakin karatu ya taɓa rayuwar mutane.

Kogin Haɗejiya, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, shi ne gatan manoma da masunta da makiyayan Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, har zuwa dausayin Nguru. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyi da dama, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. A 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta ci gidaje da gonakin shinkafa a wannan yanki, mutanen gari suka riƙa kwana a bakin jinga suna cika buhuna da yashi. A 2022 ɗin, mutanen da suka rasu a faɗin Nijeriya sun haura 600, fiye da miliyan guda kuma suka rasa matsuguni.

Ruwan Haɗejiya ya samu masu auna shi. Tun farkon shekarun 1990 masana irin su Edward Barbier da William Adams suka lissafa amfanin da fadamar take bayarwa ta noma da su da itacen girki, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar ya fi wanda aka tare domin noman rani a Kano riba. To, mutumin da ruwa ya cinye masa rumbu sau uku a cikin shekara biyar fa? Matar da ta kwana da 'ya'yanta a ajin makarantar firamare, wadda ko yau idan hadari ya haɗo barci yake ƙaurace mata fa? Me aka rubuta a kansu, a ina, da wace hanya, kuma wane ne daga cikin rubuce-rubucen ya cancanci a dogara da shi? Jerin sunaye a babi na biyu ba zai amsa wannan ba.

Bita mai tsari ita kanta bincike ce, sai dai abin da take bincika shi ne binciken wasu. Mai yin ta yakan fara da tambaya guda, tsayayya. Kafin ya buɗe littafi ko ɗaya, zai rubuta ƙa'idojinsa: irin ayyukan da zai karɓa, waɗanda zai ajiye, shekarun da zai duba, harsunan da zai karanta, rumbunan bayanai da ɗakunan karatun da zai shiga, da kalmomin da zai yi nema da su. Daga nan mutum biyu za su tace abin da aka samo, kowa shi kaɗai, sannan su zauna su daidaita saɓaninsu. Duk aikin da aka ajiye, sai an faɗi dalili. Wanda aka karɓa kuwa, sai an auna ingancinsa: mutum nawa aka tambaya, ta yaya aka zaɓo su, da wane ma'auni. A ƙarshe a haɗa sakamako, a faɗi abin da ya tabbata da abin da yake rawa. Ma'aunin nasarar aikin shi ne wani ya bi sawun nan ya iso inda aka iso.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malamin zaure. Malaman hadisi ba su tara ruwayoyi don yawa ba. Sun gindaya sharuɗɗa, sun bi diddigin isnadi, sun kafa ilimin jarhu da ta'adili domin tantance masu ruwaya, sun rarrabe ingantacce da kyakkyawa da mai rauni. Abin mamaki ne a ce jikokin wannan tarbiyya su ne suke ɗaukar duk abin da aka buga a mujalla tamkar daraja ɗaya gare shi.

A fagen nazarin halayyar ɗan'adam, gardama ce ta haifi wannan hanya. A 1952 Hans Eysenck ya duba wasu ayyuka ya yanke cewa babu shaidar da ta nuna maganin damuwa ta hanyar tattaunawa yana da amfani. Aka shafe fiye da shekara ashirin ana ja-in-ja, kowane ɓangare yana zaɓo ayyukan da suka goyi bayansa. A 1977 Mary Lee Smith da Gene Glass suka tattara bincike 375, suka haɗa sakamakonsu da lissafi, suka nuna cewa yana da amfani. A 1979 Robert Rosenthal ya ja hankali ga wata matsala: binciken da bai samo sakamako mai armashi ba yakan ƙare a aljihun tebur, don haka abin da aka buga ba shi ne dukkan abin da aka gano ba. Ta ɓangaren likitanci kuma, kiran da Archie Cochrane ya yi a 1972 shi ya kai ga kafa ƙungiyar Cochrane a 1993, wadda take da reshe a Kalaba. Ƙa'idojin bayar da rahoto na PRISMA sun fito a 2009, aka sabunta su a 2020.

Ga misali guda da ya shafi Haɗejiya kai tsaye. An daɗe a ƙasashen Turai da Amurka ana tara waɗanda bala'i ya afka wa, jim kaɗan bayan aukuwarsa, a zama guda, a sa su faɗi abin da suka gani da abin da suka ji dalla-dalla, da zaton hakan zai hana firgicin ya zauna musu. Hankali ya yarda da wannan, niyya kuma kyakkyawa ce. Da Suzanna Rose da Jonathan Bisson da abokan aikinsu suka yi bita mai tsari a kan gwaje-gwajen da aka yi, wadda Cochrane ta fitar a 2002, sai ta bayyana cewa zaman ba ya hana ciwon firgici, har ma a wani gwaji da aka yi da waɗanda suka ƙone a Birtaniya, masu halartar zaman sun fi waɗanda aka ƙyale shan wahala daga baya. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan wannan zama. Abin da take koyarwa shi ne taimakon farko na kwantar da hankali: a saurara ba tare da matsa wa mutum ya yi magana ba, a biya masa buƙatun gaggawa, a haɗa shi da danginsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ɗalibin da bai iya bita mai tsari ba yana iya tsintar tsohuwar maƙala guda mai yabon wancan zama, ya gina kundinsa a kanta, gobe ya zama jami'in wata ƙungiyar agaji, ya kai ta sansanin waɗanda ambaliya ta kora a Auyo.

Mai karatu zai iya cewa wannan matsalar sashen nazarin halayyar ɗan'adam ce, ina ruwan sashen Hausa? Ruwansa ya kai har wuya. A 2010 Joseph Henrich da abokansa, bisa ƙididdigar da Jeffrey Arnett ya yi a 2008, sun nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun wannan fage sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 cikin 100 ne kacal na al'ummar duniya. Ke nan ɗalibin da ya tsaya ga rumbunan Turanci zai yi bita mai tsari a kan Bature, ya liƙa wa Bahaɗeje. Abin da aka rubuta game da zuciyar Bahaushe yana warwatse ne a wuraren da mu muka fi sani: mujallun Harsunan Nijeriya da Algaita da Harshe da Ɗunɗaye, kundayen da suke jibge a Kano da Zariya da Sakkwato, ayyukan Murray Last da Lewis Wall da Aliyu Muhammad Bunza a kan magani da warkarwa, da rubuce-rubucen ajami na malaman tsibbu.

Sannan ga batun kalma. Mai nema a kwamfuta abin da ya rubuta shi zai samu. Damuwa, ɓacin rai, baƙin ciki, zullumi, fargaba, razana, firgita, taɓin hankali, bugun iska: wanne ne ya yi daidai da abin da takardar tambayoyin Bature take aunawa? Manomin da ya ce zuciyarsa ta ɓaci tun da ruwa ya ci gonarsa, da wanda ya ce ya bar wa Allah, wa ya fi wani jin jiki? Wanda bai san matsayin haƙuri da kunya da tawakkali a bakin Bahaushe ba zai ƙirga na biyun cikin masu lafiya. Haka kuma fadamar ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Fulani da Mangawa da Badawa, waɗanda ake yi wa tambaya da Hausa suna amsawa da harshe na biyu. Ko sunan garin ma tarko ne: wani ya rubuta Hadejia, wani Haɗeja, wani Haɗejiya, kuma na'ura ba ta san cewa wuri ɗaya ake nufi ba, kamar yadda take ɗaukar ƙasa da kasa kalmomi biyu a wani rumbu, kalma ɗaya a wani. Tantance ingancin fassarar ma'auni aikin masanin harshe ne, kuma idan babu shi a teburin tacewa, za a haɗa sakamakon ayyukan da ba abu ɗaya suka auna ba.

Na san uzurorin da za a kawo, kuma ba na raina su. Na farko, kuɗin shiga manyan rumbunan bayanai da rashin wutar lantarki da tsadar intanet. Gaskiya ne, amma PubMed kyauta ne, AJOL yana buɗe ga mai nema, shirin Hinari yana sauƙaƙa wa jami'o'in ƙasashe irin namu tun 2002, manhajojin Zotero da Rayyan kuma ana iya fara aiki da su ba tare da biyan ko kwabo ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne malamin da zai zauna da ɗalibi ya nuna masa. Na biyu, za a ce hanyar likitoci ce, ba ta dace da adabi da al'ada ba. Wannan ma da ƙamshin gaskiya, domin ba a haɗa waƙoƙi da lissafi. Sai dai lissafin reshe ne, tushen shi ne bayyana inda ka nema da dalilin zaɓinka. Tun 1988 George Noblit da Dwight Hare suka shimfiɗa hanyar haɗa binciken al'adu, a 2005 kuma Hilary Arksey da Lisa O'Malley suka tsara bitar share fage, wadda aikinta shi ne zana taswirar abin da aka yi da abin da ya saura. Na uku, wanda ba a cika faɗa a fili ba, shi ne tsoron kada tacewa ta zubar da ayyukan manyanmu. Auna aiki ba cin mutuncin mai shi ba ne. Malaman hadisi sun raunana ruwayar mutanen da suka yarda da tsoron Allahnsu.

Mu ma muna da harsashi. Sergio Baldi ya fitar da jerin ayyukan Hausa a Rum a 1977, Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Hausa a Rubuce a 1988, Paul Newman ya ci gaba da tattara na harshe. Sun gaya mana abin da yake akwai. Mataki na gaba shi ne auna shi.

Shawarata uku ce. A ware zango guda a darasin dabarun bincike domin ɗalibai su yi ƙaramar bita da hannunsu, bibbiyu, ɗaya daga sashen Hausa ɗaya daga sashen nazarin halayyar ɗan'adam ko na ilimi, tare da ma'aikacin ɗakin karatu. A amince da cikakkiyar bita mai tsari a matsayin kundin digiri na biyu, kamar yadda ake amincewa da binciken fili. Sannan jami'o'in da suke kusa da kogin, irin su Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, su haɗa hannu da Jami'ar Bayero wajen sanya taken kundaye da tsakurensu a intanet cikin Hausa da Turanci, da rubutun ƙa'ida guda.

Damina za ta sake zagayowa, ruwa kuma zai sake neman hanyarsa ta Ringim da Auyo zuwa Guri. Ranar da wata hukuma za ta tambayi jami'a abin da ya kamata a yi wa mutanen da ya tasa, da abin da bai kamata a yi musu ba, amsar za ta fito ne daga babi na biyun da muke sa wa hannu yau.