Hanyar Anka da Gummi: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Babbar hanyar mota da ta ratsa yammacin Zamfara ta rabu da ta Gusau zuwa Sakkwato ne a Mayanci. Daga nan ta nufi Anka, ta wuce Nasarawar Burkullu a ƙasar Bukkuyum, ta isa Ɗaki Takwas inda ta Zuru ta ɓalle, sa'an nan ta shiga Gummi. Ita ce jijiyar wannan yanki. Ta kanta hatsi da dabbobi su ke fita, ta kanta taki da kananzir da magani su ke shigowa.

To, garuruwan nan ba su tsaya yadda hanyar ta same su ba. Haihuwa ta ƙaru, ga kuma mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka tasa, sun kwararo cikin gari, musamman Anka. Kowa ya zo, bakin hanya ya ke nema: mai shayi, mai faci, mai gidan mai, mai rumfar hatsi. Ba sai an yi duba ba, ranar tana zuwa da za a ce hanya ta yi kaɗan. Kuma an san abin da a kan yi a irin wannan rana. Sai a ga ma'auna sun sauka da jan fenti, suna shafa alama a katangun mutane, a ce za a faɗaɗa titi ya zama tagwaye, ya tsaga tsakiyar gari, da fitilu a jere. Wannan shawara ce ta wanda ya ke son aikin da za a gani daga cikin mota, ba ta wanda ya ke son gari ya zauna lafiya ba.

Babbar hanya aikinta dabam, titin gari aikinsa dabam. Direban babbar mota da ya ɗauko kaya zai kai Zuru ba shi da wata bukata a ƙofar makarantar yara ko bakin kasuwa, so ya ke ya wuce. In an faɗaɗa masa hanya a tsakiyar mutane, gudu aka ƙara masa, aka kuma raba gari biyu, tsohuwa ba ta iya ƙetarawa gidan 'yarta sai da ɗan jagora. Bayan 'yan shekaru masu rumfuna su sake cinye gefen, a koma gidan jiya, sai dai an yi hasarar gidaje. Kano ma da ƙarfinta ta ɗanɗana. Cikin 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. An gina sabuwa, amma wadda kakanni suka bari ta tafi ke nan.

Abin da ya kamata shi ne a shata hanyar da za ta kewaye kowane gari tun yanzu, tun filin yana gona. Ba a ce sai an zuba kwalta bana ba. A auna, a kafa duwatsun shaida, a buga taswira a manna a fada da ofishin ƙaramar hukuma, a hana kowa gini a ciki, ko ɗan wane ne. Dalilin gaggawa yana cikin doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun Gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyya kuwa ta abin da aka ɗora a kan filin ce, watau gini da shuka da itatuwa. Saboda haka kowane ɗaki da aka bari aka gina a inda hanya za ta bi, bashi ne Gwamnati ta ci wa kanta, baƙin ciki kuma ta tanadar wa mai shi. Amma fa kada arhar gona ta zama zalunci. Manomin da aka biya kuɗin geron shekara guda aka raba shi da gonar gado, ba a biya shi ba. Dokar ta ba da damar a ba shi wani wuri a madadi. A ba shi, kuma kafin katafila ta iso, ba bayan ta wuce ba.

'Yan kasuwa za su ce in mota ta bi bayan gari ciniki ya bi ta. Tsoronsu ba na banza ba ne, gama Anka ta san abin da ya same ta. Nan Sarkin Zamfara ya ke zaune, amma da jirgin ƙasa ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, gyada da auduga da kantuna duk can suka nufa, har ran da aka yi Jihar Zamfara cikin 1996 Gusau ce ta zama babban birni. Sai dai wancan nisan kwanaki ne a ƙafa, wannan kuwa mil ɗaya ne ko biyu. A yanka wa tashar mota da masu sayar da abinci wuri a mahaɗa, a haɗa ta da kasuwa da titi mai kyau, mai niyyar saye zai shigo.

Sauran magana ta ruwa ce, ita ce kuwa mafi nauyi. Hanyar da aka cike ta yi tudu, in ba a bar mata isassun kwalbatoci ba, madatsa ce, ruwan da ta tare kuwa gidajen mutane zai koma. Gummi tana bakin Gulbin Zamfara. Cikin Agusta 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a garin, cikin Satumba kuma kwalekwale ya kife da manoma masu ƙetarawa zuwa gonakinsu, mutane da dama suka halaka. Garin da ya ga wannan, ba a zana masa hanya daga ofis a Gusau da rani tsaka, sa'ad da kowane rafi ya zama yashi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Masu unguwanni da masunta da tsofaffin manoman fadama sun san inda ruwa ya kan kai a shekarar da ya yi yawa, kuma tambayarsu ba ta cin ko kwabo.

Kuɗin da tagwayen titi da diyyar rusau za su lashe a cikin gari yana da inda ya fi bukatarsa. Da gubar dalma ta ɓulla cikin 2010 a Dareta da Abare da 'Yargalma da maƙwabtansu, ta kashe yara fiye da 400, likitoci da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa sun sha fama da hanyoyin da damina ke yankewa, Bagega kuwa sai 2013 aka share ta. A fara da irin waɗannan hanyoyi na ƙauye, da gada a mashigin da manoman Gummi su ke ƙetarawa, da duwatsun shaida a bayan Anka da Nasarawa da Gummi.