Filin Uwargida: Hular da ta ƙi ƙarewa



Wata ɗalibata a ajin matan aure nan Jiga Makera ta kawo mini kuka. Ɗinkin hula take yi, hannunta kuwa da kyau, amma hula ɗaya ta yi wata uku a faifai. Ta ce, "Malama, da na zura allura sai tunani ya kwashe ni: kuɗin makaranta, albasar maigida ko za ta ruɓe kafin ta yi daraja a Aliero." Mai hular kuma ya fara aike.

Na san ciwon, haka nake fama da waƙoƙin da nake tsara wa yara. Na ce mata, kada ki zauna da niyyar gama hula. Yanki zare kamu biyu bayan walha, in ya ƙare ki miƙe, bayan la'asar ki ƙara. Waya ki bar ta a ɗaki. Damuwar da ta faɗo ki rubuta ta, ko da ajami ne, ki jingine ta sai bayan isha'i. Ki riƙe addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki wadda Bukhari ya ruwaito.

Ban yarda da masu saurin cewa lalaci ne ko aljanu ba. Wata tun yarinta take da rashin tattara hankali, likitoci sun san shi. In fargaba ta hana ki barci da abinci makonni, ki ga likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kware, jihar Sakkwato.

Jiya ta nuna mini hular, saura samanta kawai.