Tsoro Ya Fi Masifa Nisan Tafiya

Yau ina so mu duba abin da kan sami ƙasashen da ke ci da baƙi masu yawon buɗe ido, in wata masifa ta auku.

A shekarar 2014 cutar Ebola ta faɗa wa Gini da Laberiya da Saliyo, kafin ta lafa ta kashe mutum fiye da 11,000. To, ƙasar Gambiya ko mutum ɗaya bai kamu a cikinta ba, amma da lokacin sanyin Turai ya zo, watau sa'ad da Turawa suka saba zuwa shan rana bakin tekunta, sai masaukai suka zauna wayam. Abin mamaki, har Kenya da Tanzaniya baƙi suka yi ta fasa zuwa kallon namun daji, alhali kuwa birnin Firitawun ya fi kusa da Landan bisa ga Nairobi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Su kuwa waɗannan ko saran ba su sha ba, labari kaɗai suka ji, suka ɗauki Afirka duka gari guda.

Jama'a, wa ke shan wuyar wannan? Baƙo dai ya sake hanya, ya kai kuɗinsa wata ƙasa. Kuku da direba da mai wanki da dukawa masu sayar da jaka, su ke kwana da yunwa.

Amma kada a fid da rai. A watan Afrilu 2015 girgizar ƙasa ta halaka kusan mutum 9,000 a Nepal, baƙi suka ragu ƙwarai a shekaran nan. Da aka gyara hanyoyin duwatsu, waɗanda suka je suka koma gida suka ba da labari, a 2018 sai da baƙinta suka haura miliyan 1, abin da ba ta taɓa samu ba.

A ganina, gini kan gyaru da sauri, amma suna sai a hankali. Saboda haka wajibi ne hukuma ta faɗi gaskiya tun da wuri, ta bayyana inda masifa ta taɓa da inda ba ta kai ba. Mu kuma malamai da akawuna, da mutane ke jin labarin duniya daga bakinmu, mu riƙa ambaton ƙasa da sunanta, kada mu shafa wa maƙwabta laifin da ba nasu ba.

Allah ya kiyashe mu. Haza wasalam.