Kitsen ragon layya ba na zubarwa ba ne

Duk shekara idan babbar salla ta gabato, hirar kasuwa ɗaya ce daga Tunfafi har Tamaske: nawa rago, wa ya sayi balami, wa ya tsaya ga ɗan akuya. A shekarar 2025 har gwamnati sai da ta hana fitar da dabbobi waje gab da salla don farashi ya sauka. To, an sha wahala an sayi ragon, an yanka, an banƙare shi a kan itace ya kwana gaban wuta kamar yadda muka gada. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, kashegari uwargida ta aiki yaro da kwalba ya sayo man jarka, alhali ga kitse nan cikin kwano ƙudaje na bi.

Iyayenmu mata na Madawa da Buza da Keita ba haka suke yi ba. Kitsen da ke jikin ƙoda da wanda ya lulluɓe tumbi, su ake fara warewa tun wurin fiɗa. A yayyanka ƙanana, a ɗora kan wuta kaɗan-kaɗan ba tare da gaggawa ba, ya narke, a tace, a zuba cikin kwano mai murfi ya daskare. Da shi ake soya naman da za a ajiye, da shi kuma ake haɗa dambun salla. A barza gero, a yayyafa wa tsakin ruwa, a zuba a madambaci, a liƙe bakin tukunya da tsumma kada tururi ya tsere. In ya turara a sauke a murje, a haɗa da zogale da albasa, a mayar karo na biyu. Sannan a kwarara kitse da zafinsa, a barbaɗa yaji da ƙuli-ƙuli. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Wata na barza, wata na tsinkar zogale, kaka na zaune tana faɗa a kan wuta ta yi yawa, yara kuma na jiran ƙanzon kitsen da ya rage a ƙasan tukunya. A nan ƴan mata ke koyon hannu, kuma daga nan ake cika kwanonin da za a kai wa maƙwabtan da Allah bai hore musu yanka ba.

Wani zai ce wannan ƙauyanci ne. To ya ji: a Ingila, ƙasar da ba ta rasa man girki ba, har gobe akwai gidajen da ke haɗa kitsen ƙodar saniya da gari da busasshen inabi, su turara shi sa'o'i da yawa, makonni kafin Kirsimeti, kowa a gidan sai ya sa hannu ya juya ƙullun. Ba su ji kunyar abin kakanninsu ba. Mu ne za mu ji kunyar namu?

Amma bari mu bar zancen al'ada mu yi na aljihu, tunda da ƴan kasuwa muke magana. Yawancin man da ke cikin jarkokin nan man ja ne da aka tace, daga Maleshiya ko Indunusiya ko Kodebuwa yake zuwa, ya sauka tashar jirgin ruwa, ya hau mota. Mun ga abin da ya faru a 2023 da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya hau kan mai saye. Kitsen rago kuwa an riga an biya kuɗinsa tun ranar da aka ja igiya daga kasuwar dabbobi. Sauran kayan dambun duk namu ne: geron tudu, albasar fadamar Tarka da ake lodi a Sabon Gida, zogalen lambu, madambacin da mai ginin tukwane ta gina. Kowace dala da aka kashe a kansu a hannun ƴar uwarki take faɗawa, ba ta ƙetare teku.

Mun san abin da likitoci ke cewa, kuma ba mu musanta ba. Kitsen dabba in ya yi yawa yana cutar da jijiyoyin jini, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya bi maganar likitansa ko da salla ce. Sai dai cokali biyu a kan dambun gidan mutum goma, sau ɗaya a shekara, ba shi ne ya kai mutane asibiti ba. A duba man suyar da wasu ke maimaitawa har ya yi baƙi ƙirin, da alalar da ake dafawa cikin leda.

Ga mahauta da masu abincin sayarwa kuma, akwai ciniki a nan da ake bari yana wucewa. Gidaje da yawa na ma'aikata da na waɗanda mazansu ke Abijan ko Libiya suna son ɗanɗanon amma ba su da mai zaman narkarwa. Wadda ta narkar da kitse da tsabta, ta tace shi sarai, ta zuba a ƙananan kwanoni masu murfi, ba a buɗe cikin rana da ƙura ba, za ta sami masu saye a makon salla. Mai madambaci ma ta kawo kayanta kasuwa tun watan salla bai kama ba, don ranar jajibere kowa hankalinsa na wurin rago da ɗinki.