Zogale Ba Ya Maganin Ciwon Daji

Malam, ka rubuta cewa tsohon da ke noman lambu yana cin zogale ba ya bukatar kuɗin binciken ciwon daji. Wannan magana ba ta da tushe.

Je ka fadama ka ga dattijo durƙushe yana dashen albasa, gwiwa na ciwo, fitsari na yi masa wuya. Yana cewa tsufa ne, alhali wani lokacin sankara ce ke cinsa a ɓoye. Gyaɗar da ta yi funfuna a rumbunsa ma tana jawo sankarar hanta. Bincike ne ya gano haka.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja: kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. In kuɗi ne damuwarka, su ya kamata ka tuhuma, ka ƙyale masu bincike.