Zauren Malamai a Cikin Waya: Mu Raba Ɗakin Karatu da Dandalin Hira

A zangon karatun da ya wuce na shafe mako biyu ina fama da 'yan aji uku a kan ɗebewa mai aro. Idan na rubuta 52 a cire 17 a kan allo, rabin ajin sai su juya lissafin, su cire 2 daga 7, su kawo mini 45. Na yi bayani har murya ta dushe. Abin da ya fitar da ni shi ne saƙon murya na minti biyu da wata malama, wadda ke koyarwa a wani ƙauye mai nisa, ta saka a zaurenmu na WhatsApp. Ta ce a samo tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, a ba yaro dami biyar da tsinke biyu, a ce ya miƙo goma sha bakwai. Da ya ga biyu ba za su ba da bakwai ba, da kansa zai kwance dami ɗaya. Ta ƙara da cewa a jinkirta kalmar aro, a riƙa cewa kwance dami, domin yaro ya san abin da aka ara mayar da shi ake yi, alhali a nan babu abin da ake mayarwa. Cikin kwana uku yawancin ajin suka gane.

Sai dai sa'a kawai na yi da na ci karo da saƙon. Yana binne a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a, da tallar atamfa, da hotunan biki, da jita-jitar cewa an ga alamar albashi. Wannan shi ne dalilin wannan rubutu. Muna da ilimi mai yawa a tsakaninmu, muna kuma da hanyar isar da shi ga juna a cikin aljihunmu, amma mun bar shi yana nutsewa cikin hayaniya.

Kowa ya san yadda bita take zuwa mana. A zaɓi mutum biyu ko uku daga makaranta, sau da yawa fuskokin da aka saba gani, su je su yi kwana biyar, a ce su dawo su koyar da sauran. Su dawo su tarar da aji mai yara fiye da ɗari yana jiransu, maganar ta bi ruwa. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun bar malamai da dabaru masu kyau na koyar da sautin baƙi da wasali da haɗa gaɓa. Ina waɗannan dabaru suke yau? Suna cikin kawunan waɗanda suka halarta, wasu an yi musu canjin wurin aiki, wasu sun yi ritaya. A ɗaya gefen kuma hukumar TRCN mai rajistar malamai, wadda aka kafa a 1993, tana buƙatar malami ya ci gaba da ƙara ilimi muddin yana aiki. Malamin da ke makarantar da su uku ne kacal har da hedimasta, wa zai tambaya idan darasi ya cije masa?

Shawarata ga reshenmu ita ce a buɗe zaure na daban wanda ba a saka komai a cikinsa sai maganar aji. Zauren zumunci ya ci gaba da zamansa, domin ta'aziyya da barka haƙƙi ne, kuma ta nan muke jin halin juna. Amma na karatu a raba shi bisa aji, 'yan ɗaya zuwa uku daban, 'yan huɗu zuwa shida daban. Kowane mako a ɗauki matsala guda, a yi ta juya ta har Alhamis. A ƙarfafa saƙon murya da Hausa, saboda da yawa daga cikin ƙwararrunmu, musamman iyayenmu mata da suka daɗe a aikin, sun fi sakewa idan suna magana, kuma kunyar kuskuren Turanci ce ke rufe musu baki. Sannan a wakilta mutum ɗaya ya riƙa tsince amsoshin da suka yi fice a buga su a wannan mujalla, tunda waya takan cika a goge komai, ko ta faɗa ruwa.

Akwai sharaɗin da nake ganin ya fi duka nauyi. Kada zauren ya zama wurin da ake auna malami. Ranar da wani jami'in sa ido ya ɗauki tambayar da ƙaramin malami ya yi ya mai da ita hujjar cewa bai iya aikinsa ba, daga ranar kowa zai yi shiru, a koma turo gaisuwa. Shi ya sa nake son ƙungiya ce za ta riƙe shi, ba ofis ba. Mai tambaya ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma sai idan ya tabbata ba za a hukunta shi a kan tambayar ba.

Ba kuma duk abin da ya shigo waya ne ya cancanci hawa allo ba. Bidiyon YouTube da aka ɗauka a Ingila, a ajin yara ashirin da biyar kowa da teburinsa, sai an yi masa gyara sosai kafin ya yi aiki a wurin da yara ke zaune a ƙasa. Abin da ya fi damuna ma shi ne Hausar Facebook. Ana zubar da ƙugiya, ana haɗe kalmomi yadda aka ga dama, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Na taɓa ganin irin wannan rubutu an kwafe shi daga waya zuwa allo, yara kuma suka kwafe shi zuwa littafi. Ya kamata kowane zaure ya sami mutum biyu da suka karanci Hausa a kwalejin ilimi, waɗanda za su riƙa gyara cikin ladabi.

Maganar yara kuma ba ta da sassauci. Kada a ɗauki bidiyon yaron da ya kasa karatu a watsa don dariya, ko da sunan nuna lalacewar ilimi ne. Amana ce iyayensa suka ba mu, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. A nuna aikin, a rufe suna da fuska. Tambayoyin jarrabawa kuwa ba su da gurbi a zauren kafin a zauna ta.

Ina sane da cewa data ba kyauta ba ce. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kuma mun san halin albashinmu. Akwai 'yan'uwanmu da har yanzu ƙaramar waya suke riƙewa, akwai masu hawa tudu kafin su sami sabis. Don haka kada hukumomi su ga muna taimakon juna da kuɗin aljihunmu su ɗauka an sauke musu nauyin horar da malamai, ko su mai da zauren hanyar turo umarni da ƙarfe goma na dare. Wajibi ne shugabannin reshe su faɗi wannan ƙarara a duk zaman da za su yi da hukuma. Wanda ke da babbar waya a makaranta kuma ya kunna wa sauran saƙon mako a lokacin tara.

Zan gabatar da wannan shawara a taron reshe mai zuwa. Idan aka amince, tambayar makon farko tana hannuna: yaya ake duba littattafan yara ɗari da goma a darasin minti talatin da biyar?