Shaidar Zur a Gaban Bagade



Bidiyoyin "shaida" da kuke ta turo mini a WhatsApp sun ishe ni. Wannan ta ce fasto ya shafa mata mai, ciwon daji ya tafi. Wancan ya ce ya shuka iri, sai ga mota. Ba takardar asibiti, ba mai tambaya, sai tafi da guɗa. To ku ji: duk wanda ya tsaya gaban ikilisiya ya ce Allah ya yi abin da bai yi ba, shaidar zur ya yi, kuma Allah ya yi wa ƙarya. Dokar da ke Fitowa sura 20 ba a kotu kaɗai take aiki ba. Shaidun ƙarya ne suka sa aka jejjefe Nabot saboda gonar inabinsa, su ne kuma aka tayar wa Istifanus.

Wannan cuta ta daɗe. A 2004 hukumar NBC ta hana tashoshin Najeriya nuna mu'ujizan da ba a tantance ba. A 2024 BBC ta fitar da binciken da tsofaffin almajiran T.B. Joshua suka ce shirya warkarwar ake yi.

Ku dubi inda muka fito. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, mishan ta koma Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Shekaru aka kwashe ana fassara, ana koyarwa, ana jinyar marasa lafiya. Wa'azin aminci ke nan, ba ganga, ba talla.

Na san wani zai ce boko ya lalata ni, ina taɓa shafaffen Allah. Na gaskata Allah yana warkarwa. Amma Yesu da kansa, da ya tsarkake kuturu, wurin firist ya aike shi a duba. Mai gaskiya ba ya tsoron bincike.

Mai ciwon suga da ya zubar da maganinsa saboda shaidar ƙarya, alhakinsa yana kan wanda ya faɗa da wanda ya yaɗa. Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna kallo. In sun kama mu da ƙarya a kan mota, yaya za su saurare mu a kan tashin Almasihu?

Don Allah, kafin ku tura, ku tambaya: wa ya gani, wane likita ya tabbatar?

A gaida su Mama da yara. Sai wasiƙa ta gaba.